Ranar da Likita Ya Zaɓa

Laraba, 8 ga Oktoba, bayan azahar

Mun dawo daga asibiti. Likita ya ce tiyata za a yi mini. Jinina ya hau, yaron da ke cikina kuma ya kwanta a gicciye ya ƙi juyowa. Ban yi musu ba. Shekarata talatin da tara, ciki uku sun zube mini kafin wannan, da wane baki zan yi musu? Sai ya juya ya dubi kalandar bango, ya ɗora bakin biro a kanta. Ya ce ranar Laraba kaɗai suke yin tiyatar da aka shirya, don ranar ce mai allurar barci yake zuwa. Ashirin da biyu ta yi wuri, huhun yaron bai gama ƙwari ba. Biyar ga Nuwamba kuma ta yi nisa ga mai irin jinina. Saura ashirin da tara.

Likitan baƙo ne, bara aka turo shi daga kudu. Ya faɗi ranar kamar mai faɗin ranar kasuwa. Sista Eva, nas ɗin da ke tsaye kusa da shi, ’yar garin nan ce, ita kam sunkuyar da kai ta yi tana gyara takardun da ba sa buƙatar gyara. Mijina Vandi ya ce, “To dokta, mun gode.” A keke napep har gida ya rungume jakata da hannu biyu.

Ashirin da tara ga Oktoba. Ranar da mutanen daji suka shigo Mubi da bindigogi shekara goma sha ɗaya da suka wuce, gari ya watse, kowa ya kama hanya da abin da ke jikinsa. Waccan ma Laraba ce.

Laraba, da magariba

Ba zan iya ba. Ranar ina da wurin zuwa.

Alhamis, 9 ga Oktoba, da hantsi

Asta ta leƙo ta katanga ta ga ban buɗe keken ɗinki ba, sai ga ta da kwanon kunun gyaɗa. Maƙwabciyata ce a nan Nassarawo, kuma tare muka yi gudun, don haka ba sai na yi mata dogon bayani ba. Na faɗi ranar kawai. Ta ajiye kwanon, ta zauna a bakin tabarma.

“Maman Joel,” in ji ta, “rana duk na Allah ne. Shi ya yi Laraba, shi ya yi Alhamis.”

Na ce na sani.

Ita kaɗai ce ta rage mai kirana da wannan suna. Mutanen unguwa Madam Tela suke ce mini. A coci Sista Margret. Vandi kuwa Margret yake cewa tun shekarar da muka dawo, da farko yana tuntuɓe a kai, yanzu bakinsa ya saba.

Lahadi, 12 ga Oktoba, da yamma

Vandi ya ɗauka tsoron ranar nake yi, wai ina ganin tana da baƙin jini. Shi ne ya je wurin Muktar, mijin Asta, mai ɗan kemis a bakin layi, suka haɗa kai suka duba waya. Ya shigo yana murmushi kamar wanda ya tsinci kaza.

“Margret, wannan rana da kike tsoro, rana mai kyau ne fa. Muktar ya duba. Ranan ne Turkiyya ya zama jamhuriya.”

Na ce to Allah ya ba Turkiyya lafiya, a gaishe su.

“Ba shi kaɗai ba. Ranan ne aka sa wa Tanzaniya suna. Kin gani? Har bikin suna an yi.”

Na yi dariya ban shirya ba, har ciki ya ɗaure mini. Mutumin nan da bai taɓa wuce Yola ba, yau shi ne ke kawo mini Tanzaniya har ɗaki. Ya ga na yi dariya, ya ɗauka ya ci nasara, ya fita yana fito. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa.

Talata, 14 ga Oktoba, da safe

Ƙafafuna sun kumbura, ba sa taka keke. Ankon zumuntar mata yana nan jibge, na aika musu su kai wa wata. Likita ya ce kullum in auna jini in rubuta. Ina zuwa kemis ɗin Muktar. In ya auna ya ga ya hau, sai in ce ai tafiya na yi, bari in huta. Ya sake. In ce hannun bai zauna daidai ba. Ya sake. Wanda ya fi ƙanƙanta a cikin ukun shi nake rubutawa. In likita ya ga jinin ya sauka, ƙila ya yarda da biyar ga Nuwamba.

Na daina gishiri. Ina shan zoɓo ba sukari, ina haɗiyar tafarnuwa har Vandi ya fara juya baya.

Laraba, 15 ga Oktoba

Idan ya zo bana fa?

Juma’a, 17 ga Oktoba, da la’asar

Vandi ya tafi Betso tonon gyaɗa tun jiya, amma bai bar ni na huta ba. Ya kira daga kan dutse, inda ake samun sabis, iska na kaɗa maganarsa.

“Kina ji na? Muktar ya ce ranan ne kwamfuta ya fara aika wa kwamfuta saƙo. A Amurka. Daga nan ne intanet ya fara.”

Na je auna jini na tambayi Muktar. Ya ce gaskiya ne, sai dai harafi biyu kawai aka aika na’urar ta tsaya cak. Na ce ka gani, ko kwamfuta ba ta kai ƙarshen maganarta ba a ranar. Muktar ya sosa ƙeya ya ce, “Madam, kar ki gaya masa na gaya miki wannan.”

Asabar, 18 ga Oktoba, da rana

Bari in rubuta, tunda ba mai karantawa.

Akwai wata ’yar gada a hanyar Sahuda, a kan mayo, wato rafi, da tsamiya a gefenta. Kowace shekara a ranar ina zuwa tun safe, in shimfiɗa zane a gindin tsamiyar, in zauna sai rana ta faɗi. A gida cewa nake zan je gaida Gwaggo Adi. Gwaggo Adi ta rasu shekara huɗu ke nan, sai na koma cewa zan je gaida mutanen gidanta. Vandi bai taɓa tambaya ba. Ranar da abin ya faru yana gona, bai ga gadar ba, bai ga yawan mutanen da ke kanta ba.

Ɗana Joel shekararsa shida ranar da ya ɓace mini a kan gadar. Ya san sunansa, ya san sunan babansa. Kullum in za mu kasuwa sai na ce masa, in ka neme ni ka rasa, ka koma inda ka gan ni na ƙarshe ka tsaya. Yaro ne mai jin magana. Gidan da muke haya a lokacin ya ƙone, shaguna aka gina a wurin, in ya je can ba wanda zai san mu. Abu biyu ne suka rage tsakanina da shi, gadar da ranar. Duk inda yake ya san ranar, ba ɗan Mubi da bai san ta ba. An ce wasu yaran sun girma a Kamaru, wasu a hannun mutanen kirki a rugage. Bara ma na ji an ce wani ya dawo a wajen Michika, da gemu.

Yanzu shekararsa goma sha bakwai. Ya kai ya shiga mota shi kaɗai. Duk shekarun baya yaro ne, ba zai iya zuwa ba ko yana so. Yanzu ne lokacin. Kuma yanzu ne za su kwantar da ni su sa mini allurar barci.

Yadda aka yi a kan gadar ba zan rubuta ba.

Lahadi, 19 ga Oktoba, bayan coci

Vandi ya dawo da buhun gyaɗa ɗanya da wani sabon labari. Wai ranar aka haifi matar da ta mulki Laberiya, mace ta farko da aka zaɓa shugabar ƙasa a Afirka.

“In yarinya ne, kin ga ta samu ’yar’uwa. Ƙila ita ma ya zama shugaban ƙasa, mu huta da noma.”

Na ce ta fara fitowa tukuna.

Ya zauna ya ɗora ƙafata a cinyarsa, ya danna da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ya daɗe yana kallon ramin. Na janye ƙafata na ce tuwo zai ƙone, alhali ban ɗora komai ba.

Talata, 21 ga Oktoba, da safe

Na sa data na duba da kaina. Ashe tsince mini suke yi shi da Muktar, kamar masu tsintar wake. Ranar ce jirgin sama ya faɗi a Abuja a shekarar dubu biyu da shida, na tuna ma muna makarantar ɗinki aka faɗa a rediyo. Kuma ita ce ranar tunawa da masu shanyewar ɓarin jiki ta duniya, abin da hawan jini yake kawowa. Na kife wayar.

Na nemi Mubi a jerin. Wani shafin ya sa mu, layi ɗaya, tsakanin wani roka da ya fashe da wasan ƙwallo. Wani shafin ma bai sa ba.

Laraba, 22 ga Oktoba, bayan azahar

Na je awo ni kaɗai, na ce wa Vandi ya zauna ya shanya gyaɗarsa. Na miƙa wa likita abin da na rubuta. Ya duba, ya auna ni da kansa, ya sake duba rubutuna, ya dube ni ta saman gilashi. Ya yi magana da Turanci a hankali kamar mai yi wa yaro. Wai in aka ƙara mako jijjiga tana iya kama ni, mahaifa tana iya rabuwa, a rasa ɗaya ko a rasa biyu.

Na ce to a yi Talata. Ya ce mai allura ba ya nan. Na ce Alhamis. Haka. Na ce to a yi bayan magariba. Ya ce da safe ake yi, lokacin da janareta ke aiki kuma ma’aikata suna nan. Ya tambaye ni me ke damuna da Laraba. Na ce mijina yana girbi.

Sista Eva ta biyo ni har baranda. Ta ce, “Anti, ni ma ranan ya ci mini mutum. Babana. Amma zan zo aiki, ni zan riƙe miki hannu.”

Na gode mata. Ita ta san inda babanta yake kwance.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Kaina. Kamar an ɗaure shi da igiyar guga.

Juma’a, 24 ga Oktoba, da yamma

Zoben aurena ya shige cikin yatsa, sai da Muktar ya sa filaya ya yanke. Vandi ya karɓa ya sa a aljihun gaba. Yau bai kawo labarin kowace ƙasa ba. Ina jin sun ƙare masa.

Asta ta ce ita za ta je ta zauna mini a gadar. Ashe ta sani. Na ce ke da ya rabu da gani yana ɗan shekara shida, za ki gane shi? Shi zai gane ki? Zai zo ya duba gindin tsamiya ya ga wata mata da hijabi, ya ce uwata ta gaji, ya juya. Ta ce, “Useni, don Allah, Maman Joel, ki ji tsoron Allah. Wanda yake cikinki fa? Shi ba ɗa ba ne?” Na ce mata ta fita mini daga ɗaki. Ta fita. Can an jima ta turo tuwon masara da miyar kuɓewa ba gishiri.

Lahadi, 26 ga Oktoba, da hantsi

Bai motsa ba tun asuba. Ban je coci ba. Na kwanta ta hagu, na sha ruwan sanyi, na buga gefen ciki da yatsa, na yi masa waƙar Sande Sukul, irin ta yara a coci. Shiru.

Lahadi, da azahar

Shiru. Ya Yesu. Ya Yesu, kada ka yi mini haka.

Lahadi, da la’asar

Ya motsa. Sau ɗaya, a hankali, kamar mai juyi cikin barci. Na yi kuka har Vandi ya shigo da gudu da cebur a hannu. Na ce ba komai.

Ina tsoro. Ina tsoron in je asibiti Joel ya zo ya tarar ba kowa. Ina tsoron in je gada in kashe wannan da hannuna. Duk inda na juya ɗa ne.

Litinin, 27 ga Oktoba, da safe

Na haɗa jakar asibiti, zannuwa da kayan jariri da fulas. A ƙarƙashin gado kuma na ajiye zanen da nake shimfiɗawa da lema. In na fita da sassafe kafin Vandi ya tashi, zuwa faɗuwar rana na dawo. Kwana ɗaya ne. Sai su yi fushi su gama, su yi mini a Larabar gaba.

Idan ya zo bana fa?

Talata, 28 ga Oktoba, da yamma, a asibiti

Ban kai Larabar a gida ba. Da safe na je kemis, ina tafe ina ganin wasu ƙananan taurari suna yawo a gabana. Muktar ya auna. Na ce bari in huta a sake. Ya cire abin daga hannuna ya naɗe, ya ce, “Yau ba na biyu, Madam.” Ya ƙwala wa Asta kira. Kafin in buɗe baki sun tsayar da keke napep, Asta ta riƙe ni kamar ɓarauniya. Yanzu ga ni da ruwa a hannu, an yi mini wata allura mai zafi a ɗuwawu biyu. Likita ya ce in jinin ya lafa a kai gobe, in bai lafa ba zai yi abin da zai iya da abin da ke hannunsa.

Vandi ya zo lokacin ziyara. Ya sa hannu a takardar tiyata, ya zauna a kujerar roba yana juya hularsa. Na juya fuska bango.

Ya ce, “Maman Joel.”

Na ɗauka kunnena ne.

“Maman Joel, gobe ni zan je gaida Gwaggo Adi.”

Na juyo. Ya ciro lemata daga cikin jakar buhu ya nuna mini, da zanen a naɗe. Ya ce ya gan su da yana neman silifas ɗina. Ya ce shekara ta biyu da dawowarmu ya bi ni a baya, ya tsaya wurin mai faci ya ga inda na zauna, ya koma gida. Bai san abin da zai ce mini ba, shi ya sa bai ce ba.

Na ce ba za ka gane shi ba. Na ce yana da tsaga a kunnen hagu, a sama.

“Ni na kai shi aka ɗinke,” in ji shi. “Ni ma ɗana ne.”

Na ce sai rana ta faɗi fa, ba la’asar ba. Ya ce to. Na ce ka buɗe lemar ko ba rana, ita ce ta lokacin, shuɗiyar, Joel ya san ta. Ya ce to. Na ce kada ka tafi cin abinci. Ya ce to. Sai ya ce, “Amma ke ma ki tsaya inda na bar ki.”

Sai da ya fita na tuna gobe za su yanka ni ba ya bakin ƙofa. Ni na aike shi.

Laraba, 29 ga Oktoba, da sassafe

Sun zo da gadon turawa. Sista Eva ce a gaba. Na miƙa mata hannuna.

Alhamis, 30 ga Oktoba, da hantsi

Mace ce. Ƙarama, duk jikinta bai fi ƙullin gari ba, amma muryarta ta cika ɗakin. Asta ce ta karɓe ta, ita ta fara sa mata riga. An ce na zubar da jini, Muktar ya ba ni nasa jinin leda ɗaya. Ban san komai ba sai wajen la’asar. Da na farka na tambaya ko rana ta faɗi, Asta ta ce da saura, na koma na rufe ido.

Vandi ya iso bayan magariba, ƙafafunsa fari fat da ƙurar hanya, lema a hammata. Ya tsaya a bakin gado. Na dubi bayansa. Na san bai kamata ba, amma na duba.

“Bai zo ba,” in ji shi.

Ya ce ya kalli kunnen duk saurayin da ya wuce, har wani mai tura baro ya ce masa, Baba lafiya? Ya ce akwai wani tsoho da ke zama a ɗaya gefen gadar da carbi. Na san shi, shekara da shekaru muna gaisawa da kai, ban taɓa tambayarsa wa yake jira ba. Tsohon ya tsallako ya tambaya ina mai lemar. Vandi ya ce tana haihuwa. Tsohon ya ɗaga hannu ya yi addu’a mai tsawo, ya koma wurinsa.

Asta ta miƙa masa jaririyar. Ya goge hannuwansa a wando ya karɓa, ya zauna, kafaɗunsa suna rawa. Ban taɓa ganin kukansa ba, ko a waccan shekarar. Ya ce sunanta Masi. Haka mutanenmu suke kiran ’yar da ta zo ta biyu.

Ɗazu matar da ke gadon kusa da ni, wata ’yar yarinya da ta haifi tagwaye, ta leƙo ta ce, “Mama, barka. Na fari ne?”

Na ce ta biyu ce, tana da wa.

“Ayya. Bai zo ganin ƙanwarsa ba?”

Na gyara wa Masi hula. Na ce yana hanya.